Sai Ciko Ya Shiga Sannan Oga Ya Hau Dandamali

A Jos na koyi wannan sana'a ta manajan mawaƙa da jarumai, daga jan wayar wuta da riƙon fitila a wurin ɗaukar fim. Garinmu dama na fim ne, a nan Hukumar Fina-finai ta Ƙasa take da makarantarta, don haka yaro mai zafin nama ba ya rasa wanda zai ɗaukar wa kaya. Daga nan wani babban mawaƙi ya ja ni jikinsa, na fara da riƙe masa waya har na zama manajansa. Kai ne mai ciniki, kai ne mai kama otal, kai ne mai ba masoya haƙuri, kai kuma ake zagi idan Oga ya makara.

Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya ya faru ne a Fabrairun 2023, lokacin da takardun kuɗi suka yi ƙaranci bayan canjin naira, ga zaɓe ya ƙarato. Aka gayyace mu dinar biki a Abuja. Mai shirya taron ya ba da rabi kafin alƙalami, ciko kuma sai mun iso. Da asuba muka taso mota biyu, da mai sauti da masu amshi da 'yan rawa, muka gangara Hawan Kibo, muka wuce Akwanga da Keffi, muka sha cunkoson Mararaba.

A bayan zauren taron mai shirya taron ya miƙo mini wayarsa, ga rasit, ga sunan asusunmu, ga adadin cif. Na ce, "Alhaji, ni fa ban ga alat ba." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Manaja, ba ka san halin da ake ciki ba? Kuɗi na maƙalewa, zuwa safe za ka gani." A makonnin nan kuwa gaskiya ne, ko a gidan mai sai ka tarar da mutane sun yi cirko-cirko suna jiran kuɗin da suka tura ya sauka. Amarya ta shigo, mai gabatarwa yana ta kiran sunan Oga. Ya hau, ya yi wasa, aka yi ta liƙi. Rasit ɗin na bogi ne.

Kwana uku ina ce wa Oga, "Ranka ya daɗe, a ƙara haƙuri." Rana ta huɗu, a gaban yara, ya ce, "Ni kai na sani." Kafin mako ya zagayo wayar Oga tana hannun wani. Kason da nake binsa na wasannin baya ma ya bi ruwa, don babu takarda tsakaninmu, amana ce kawai.

Amma ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Wata mai kwalliya da muka saba haɗuwa a bayan fage ta kira ni jaje, ta ce, "Yaya, ai mutumin nan ya yi wa manajoji biyu haka kafin kai." Na san su duka biyun. Muna gaisawa, muna cin abinci tare a wurin taro, amma kowa ya haɗiye abinsa don kada a ce an damfare shi, ko don kada wani ya ƙwace masa mawaƙi. Da ɗayansu ya turo mini layi ɗaya, da ban bar Jos ba sai da ciko.

Wannan haushin ne ya sa na fara bin su ɗaya bayan ɗaya: manajoji, direbobi, masu sauti, masu kwalliya, masu hoto, na Jos da na Abuja. Muka buɗe zaure a WhatsApp. Sirrin iyayen gidanmu ba ya shiga ciki, wannan doka ce, wanda ya kawo gulmar Oga fita zai yi. Abin da ke shiga shi ne wa ke biya, wa ke ja, wane zauren taro ne janaretansa ke mutuwa. Muka haɗa da adashe, saboda watan azumi bukukuwa na tsayawa, masu amshi su fi kowa jin jiki. Aikin da nake yi yanzu, da wata jaruma, direba ne a zauren ya kai sunana.

Ga mai shigowa: rasit ba kuɗi ba ne, buɗe asusunka ka gani da idonka, ko da amarya za ta yi awa tana jira. Ka rubuta kasonka da Oga tun kuna dariya, a gaban shaidu. Lambar direba da ta mai sauti kuma ka riƙe su a wayarka ta kanka, ba a tasa ba.

Shi Alhajin har yanzu yana shirya taro a Abuja. Kwanan baya ya kira wani yaro a zaurenmu yana neman mawaƙinsa. Yaron ya ce kuɗi duka, kafin mota ta tashi. Bai sake kira ba.