Godiya Bayan Tiyatar Ƙuguna a Asibitin Dala

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, an yi aikin ƙuguna na hagu lafiya, an sallame ni daga Asibitin Ƙashi na Dala, ga ni a ɗakina. Saƙonninku sun cika wayata, kiran da na kasa ɗagawa ba ya ƙirguwa, kuma har yanzu ba ni da ƙarfin bin kowa ɗaya bayan ɗaya in yi masa ban gajiya. Shi ya sa na rubuta a nan. Ku yi haƙuri da tsawonsa, mutanen da suka tsaya mini ne suke da yawa.

Waɗanda suka san ni tun ƙuruciya sun san da sikila aka haife ni. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne dalilin ɗingishin da na fara a 'yan shekarun nan. Ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe su toshe ƙananan hanyoyin jini, shi kuwa kan ƙashin cinya, wanda yake juyawa a gurbinsa cikin ƙugu, hanyoyin da suke kai masa jini kaɗan ne. Idan suka toshe sai ƙashin ya mutu a hankali, ya ruguje, ƙafa ta gajarce. Nawa ciwon a matsematsi ya fara, yana saukowa gwiwa, har aka yi ta shafa wa gwiwar magani alhali lafiyarta ƙalau. Masoya sun kawo shawara iri-iri: sanyi ne, a yi gashi, a kai ni wurin mai ɗori. Na san da zuciya ɗaya suka faɗa, kuma na gode. Sai dai mai ɗori karaya yake haɗawa. Ƙashin da jini ya daina isa gare shi, babu ɗorin da zai tashe shi. Baba ne ya tsaya kai da fata ya ce asibiti za a je, ba wani wuri ba. Baba, Allah ya ƙara girma, ya ja da ranka.

Yaya, ke ce ta biyu a wannan godiya, domin ke kika koya mini yadda ake zuwa ganin likita. Kin taɓa jinya a Dala, kin san kan abin. Daren da za mu fara zuwa kika shigo da jakar roba mai maɓalli, kika ce a zubo duk wata takarda da asibiti ya taɓa ba ni: katina na sashen jini a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tsofaffin hotunan ƙashi har da waɗanda suka fara dusashewa, da sakamakon awon jini. Magunguna kuma kika ce kada in dogara da haddar sunayensu, in kwaso su a cikin kwalayensu, folic acid da Paludrine da hydroxyurea da na kashe zafi, har da jiƙon da Gwaggo take aiko mini. Kika ce, “Likita ba zai yi miki faɗa don kin nuna masa ba, ɓoyewar ce take cutarwa.”

Sannan kika miƙo mini ƙaramin littafi da biro, muka zauna muna rubutu har dare ya raba. Yaushe ciwon ya fara? Yana tashina daga barci? Iya ina nake iya takawa kafin in tsaya? Ina iya zaman tahiya, ina iya yanke farcen ƙafata? An taɓa yi mini ƙarin jini, kuma jikina ya taɓa ƙin karɓa? A ɗaya shafin kuma nawa tambayoyin: mene ne sunan ciwon, akwai wata hanya ban da tiyata, nawa ne kuɗin aikin haɗe da ƙarfen, yaushe zan koma aji, kuma zan iya sake haihuwa? Wallahi idan mutum ya zauna gaban likita rabin abin da ya zo da shi gudu yake yi daga kansa. Littafin nan ne ya riƙe mini nawa. Hatta sutura sai da kika zaɓa mini, doguwar riga sakakkiya da wando a ciki, saboda za a ɗaga ƙafar a juya ta a auna tsayinta. Kika sa na cire jigida da duk wani abu mai ƙarfe ko zif, domin suna fitowa a hoto su rufe ƙashin. Da asuba muka fita, da gorar ruwa da rigar sanyi. Asibiti ne da yake aiki tun 1959, jama'a daga jihohin Arewa suke zuwa, wanda ya yi sammako shi yake gama nasa da wuri.

Babban likitan ƙashin da ya duba ni, ban san da wane baki zan gode masa ba. Ya ɗora hoton a kan allo mai haske, ya nuna mini ɓangaren dama a mulmule, na hagu kuwa ya baje. Ya ce gaɓar ƙugu kamar turmi da taɓarya take, tawa taɓaryar ce kanta ya lalace har ya fara cin turmin. Ya gaya mini cewa idan aka kama ciwon da wuri, lokacin da hoton MRI kaɗai yake nuna shi, akan iya huda ƙashin a rage masa matsi, amma nawa ya wuce nan. Za a yanke mataccen kan, a sa ƙarfe a cikin ƙashin cinya da ƙwallo a samansa, a sa sabon gurbi a ƙugu. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce irin wannan gaɓa takan yi shekara 15 zuwa 20 ko fiye, don haka mai shekaruna tana iya buƙatar a sake mata wata rana. Ya lissafa abin da ake tsoro: ƙwayar cuta ta shiga wurin, gaɓar ta goce, jini ya daskare a ƙafa, ko sikilar ta tashi ta kama ƙirji. Sai da na kai ƙarshen shafin littafina, sannan ya ce, “Malama, akwai saura?” Ga layi a waje, amma bai gaggauta ni ba.

Na ɗauka daga nan sai sa rana. Ashe shirin ya fi aikin tsawo. Aka tura ni wurin likitan haƙori, aka gyara wani haƙori da ya fara ruɓewa. Aka auna fitsari, aka duba ƙirji da zuciya da ƙoda. Akwai ɗan gyambo a idon sawuna, irin wanda masu sikila suka sani, aka ce babu maganar tiyata sai ya warke sarai, domin ƙwayar cuta tana iya tasowa daga haƙori ko fitsari ko gyambo, ta bi jini ta je ta zauna a jikin ƙarfen, kuma idan ta zauna fitar da ita babban aiki ne. Jiran ya yi mini nauyi, na yi kuka a lokacin. Nas ɗin da take wanke mini gyambon ita ta riƙa lallashina, tana auna shi tana nuna mini yadda yake tsukewa. Allah ya biya ki, 'yar'uwa.

Likitar jini kuwa ita ta riƙe ragamar sikilar. Ta ce sai an ɗaga PCV ɗina, wato ma'aunin yawan jinina, ya kai wajen 30 kafin a shiga, kuma a tanadi wani jinin na ranar aiki, na masu AA, wato waɗanda ba su gaji sikila ko kaɗan ba. Wanda aka sha yi wa ƙarin jini irina, samun wanda zai dace da jikinsa yakan ɗauki lokaci, don haka aka fara nema da wuri. Ƙanena ya sa sanarwa a WhatsApp, kafin la'asar mutane sun fara isa ɗakin ɗibar jini: abokan karatunsa, samarin masallacin unguwarmu, abokiyar aikina da ta taso daga Sabon Gari bayan ta fito daga coci, da ɗan adaidaita sahun da yake kai ni makaranta, wanda ya ajiye aikinsa na yinin ya zo. Wasu an mayar da su saboda AS ne, wato sun gaji sikila ta ɓangare ɗaya, wasu jininsu bai isa ba. Ku ma ladanku cikakke ne in sha Allahu, kun zo da niyya. Waɗanda aka ɗibi nasu kuwa, jininku yana jikina a yanzu da nake rubutun nan. Ba ni da abin biyanku, na bar ku da Allah.

Ana gobe aiki likitan sa barci ya zo gadona. Ya duba bayana da bakina, ya bi magungunana ɗaya-ɗaya, ya ce allura za a yi mini a baya ta kashe daga ƙugu zuwa ƙasa. Aka hana ni abinci daga tsakar dare, amma aka ɗaura mini ƙarin ruwa, domin mai sikila ba a barin jikinsa ya bushe, kuma aka sa ni farko a jerin ranar don kada yunwa ta daɗe. Ni da kaina na karanta takardar amincewa na sa hannu. Aka zana alama a cinyata ta hagu, kuma duk wanda ya karɓe ni sai ya tambayi sunana da ƙafar da za a yi wa aiki. A ɗakin tiyata sanyi ne sosai, sanyi kuwa abokin gabarmu ne. Wata nas da ban ga fuskarta ba saboda takunkumi ta lulluɓe mini ƙirji da kafaɗa, ta riƙe hannuna lokacin allurar tana cewa, “Yi ta salati, Anti, an kusa.” Ban san sunanki ba, amma kina cikin addu'ata.

Ma'aikatan ɗakin mata, na dare da na rana, masu tura gado da masu shara, na gode. Kun sa mini iskar oksijin, kun riƙa duba zafin jikina, kun yi mini allurar hana daskarewar jini a kan lokaci, kun gyara filon da ke tsakanin ƙafafuna duk sanda ya zame. Mai koyar da motsa jiki ya kawo mini wata 'yar roba mai ƙwallaye uku, in zuƙi numfashi har su tashi sama, don huhu ya buɗe kada ƙirji ya kama. Da farko ɗaya ce kawai take motsi. Washegarin aiki ya tsayar da ni a kan ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, Umma tana gefe tana hawaye. Na taka, na ji ƙafafuna biyu sun yi daidai a ƙasa, abin da na daɗe ban ji ba. Umma, kwanan da kika yi a kan tabarma a gefen gadona, da wanda kika yi tun ina jaririya duk sanda ciwon ya tashi, Allah ya saka miki da Aljanna.

Maigida, kai ka yi shirin da ban yi tunaninsa ba. Tun kafin a kwantar da ni ka je ka tambayi dokokin bayan aiki: kada in harɗe ƙafa, kada in tsuguna, kada in zauna inda gwiwa za ta fi ƙugu tudu, kada in sunkuya ɗaukar abu a ƙasa, har sai likita ya ba da izini. Mu kuwa rayuwarmu duk a ƙasa take, girki da wanki da cin abinci da salla. Na dawo na tarar an sa masai na zama, kafinta ya ƙara wa gado tsayi, an naɗe kafet da ledar da za su iya kayar da ni, ga doguwar kujera a banɗaki, tukwanen da nake amfani da su duk an hau da su kan kanta. Hajiya surukata ta kwashe yara, ta ce kada in ko tuna da su sai na warke. Malam kuma ya kwantar mini da hankali kan salla a kujera, ya karanto mini hadisin Imrana ɗan Husaini, inda Annabi (SAW) ya ce ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa.

Maganar kuɗi ba zan tsawaita ba, kowa ya san ta fi ƙarfin gida ɗaya. Kawunnaina da dangin maigida sun haɗa nasu. Malaman makarantarmu sun yi karo-karo, suka kuma raba darussana a tsakaninsu. 'Yan adashinmu suka ba ni kwasar da ba tawa ba, wadda take da ita ta ce ta yafe sai zagaye na gaba. Akwai wanda ya biya wani kaso ya hana a faɗi sunansa. Allah ya san ka, ya rufa maka asiri duniya da lahira.

Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take, bayan la'asar ya fi mini sauƙi saboda da safe nake atisayen ƙafa. Mai mura ko tari ya yi mini uzuri ya kira a waya tukuna. Iyayena da manyana, idan kuka zo kuka ga ban durƙusa na gaishe ku ba, dokar likita ce, ku yafe mini.

Roƙona na ƙarshe: na baro wata yarinya a ɗakin da na kwanta, ita ma sikila, ita ma ƙugu, jini kawai ake jira a sa mata rana. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, don haka irinta ba za su yanke a asibitin nan ba. Duk mai jinin AA da yake da lafiya, don Allah ya daure ya je ɗakin ɗibar jini na Dala ya bayar. Ƙanena ya ce zai raka duk wanda bai san wurin ba.

Wassalamu alaikum.