Sifika ɗaya, akwati uku, da faɗan da Kawu ya yi min

"Wai ɗana wannan akwatin sifika ne ko gidan gara?" Abin da Kawu ya fara ce min kenan ranar da na kai masa zanen a warsharsa, ya riƙe takardar ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ɗaga tabarau ya sake dubawa. Ba kawuna na jini bane, kafinta ne dattijo haifaffen Makka da kowa a unguwarmu nan Jidda ke kira haka, kuma shi ya yanka min duk katakon da zan ba ku labari.

Bari in koma baya kaɗan. Ni abin da ya ja ni cikin harkar nan tsohuwar rediyon marigayi babanmu ce, irin mai jikin katako, sifika ɗaya tal a cikinta amma in mai karanta labarai ya buɗe baki sai kace yana zaune a majalisin tare da ku. Na sayi kayan sauti na zamani kala kala, akwai ƙara akwai duka a ƙirji, amma muryar mutum bata taɓa fita min kamar ta rediyon nan ba. Daga baya na gane dalili. Yawancin sifikun kasuwa suna raba aiki ne, wufa ta ɗauki kauri tuwita ta ɗauki siririn sauti, sai kurosoba ta tsaya a tsakani tana rabo, kuma galibi wurin rabon yana faɗawa ne tsakanin 2,000 da 3,000 Hz (ma'aunin yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa), daidai inda kunnen ɗan adam ya fi kaifi. Ita kuwa wadda ƴan harka ke kira ful-renj, guda ɗaya ce ke ɗaukar komai tun daga ƙasa har sama, ba rabo ba gaɓa. Ga mai jin karatu da tafsiri da ɗan kiɗan garaya ko kuntigi irina, wallahi ba ƙaramin abu bane. Babbar illarta, ƙarama ce, iskar da take iya turawa kaɗan ce, saboda haka duk kaurin da za ka samu akwati ne zai taimaka mata ta haifo shi. Shi yasa zaɓen akwati ya zama rabin aikin ko ma fiye.

Na yi oda ta intanet aka kawo min guda biyu masu inci 4. Da zumuɗi na wuce kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarikh na samo wasu tsofaffin akwatuna, na cire abin da ke ciki na ɗaura nawa. Sauti ya fito, amma kamar mutum na magana cikin tulu. Laifina ne, ban ko kalli takardar da ta zo da sifikun ba.

A takardar nan akwai lambobi da yawa amma uku ne ke yanke hukunci, kuma da na san su tun farko da ban yi asarar riyal ko ɗaya ba. Wani injiniya ɗan Ostareliya Neville Thiele ne ya fara tsara lissafin a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, shi yasa ake haɗa sunayensu a kira lambobin. Fs ita ce kaɗawar da sifika ke yi da kanta in ba ta cikin komai, ƙasa da nan sai dai a lallaɓa ta. Vas ana auna ta da lita, tana nuna laushin sifikar, in babba ce to babban akwati take nema. Sai Qts, wadda ni nake kira halinta, ya'ani yadda maganaɗisu ke riƙe takardar ya hana ta yin rawa bayan an gama kiɗa. In ta yi ƙasa da 0.4 riƙon da ƙarfi, kaurinta zai yi ƙaranci sai an ba ta akwati mai bututu ko ƙaho. Tsakanin 0.4 da 0.7 rufaffen akwati na karɓarta. In ta haura 0.7 to allo buɗaɗɗe ya fi mata. Ba aya bace, ana tsallakawa, amma wanda ya tsallaka da sani daban yake da irina da ya faɗa da ka. Nawa dai takardar ta nuna Fs wajen 70, Qts 0.5, Vas lita 6.

Rufaffen akwati shi ne mafi sauƙi, katako shida ka toshe ko ina kada iska ta fita, shikenan. Edgar Villchur ne ya yi suna da shi a Amurka tun 1954. Lissafinsa ma a waya za ka yi, in girman akwatin ya zo daidai da Vas to Fs da Qts duk za su ninku da 1.41, kenan tawa a lita 6 za ta koma wajen 99 Hz da 0.7. Na yi shi, kuma gaskiya murya ta fita tas, tsaf, ba kumbura. Amma kalangu in ya sauka ƙasa sai ka ji an yanke masa ƙafa. Yanzu haka akwatunan suna kicin wajen uwargida tana jin karatu da su da safe, tace kada wanda ya taɓa mata.

Allo buɗaɗɗe da kwalin firiji na gwada, rami kawai na huda na saƙala sifikar. Faɗin sautin ya ba ni mamaki, amma kauri babu ko ɗigo, domin iskar da gaban takarda ya tura bayanta ke zuƙewa ta gefe su kashe juna. Wannan sai sifika mai inci 8 zuwa sama irin Visaton B200 ta Jamus da Qts ɗinta ya haura 0.7, da allo mai faɗi, da tazarar kamar mita ɗaya daga bango. Mita ɗaya a shaggar haya? Na naɗe kwalina.

Sai mai bututu, wanda kusan duk sifikar kasuwa shi ne. In ka taɓa hura bakin kwalba ta yi "huuu" to ka san yadda yake aiki, iskar cikin bututu da iskar cikin akwati ne ke kaɗawa tare a wani sauti guda, sai su tallafi sifikar a daidai inda ta fara gajiya. Tun 1932 aka ba Albert Thuras haƙƙin mallakar dabarar. Bututun ba sai ka nemi na musamman ba, na ruwa na roba da ke shagon kayan famfo ya isa. A akwatin lita 10, bututu mai faɗin santimita 4 da tsawon kamar 6 zai tsaya kusa da 65 Hz, ka ƙara tsawo ya sauka ka rage ya hau. Ni na fara da gajere sosai, sai kowace waƙa ta koma "dum dum" iri ɗaya kamar ana daka a gidan maƙwabta. Dabarar da na koya wadda har yau nake jin daɗinta, ka kwantar da akwatin ka zuba ƴan ƙwayoyin shinkafa kan takardar, ka saka manhajar da ke fitar da sauti ɗaya a waya kana saukowa a hankali, inda shinkafar ta daina tsalle alhali bututu na huci to nan akwatinka ya tsaya. Amma a kula, ƙasa da wannan wurin akwatin ya saki sifikar kenan, takarda za ta yi ta fiffika a banza, kuma ƙananan ful-renj ba su da nisan tafiya gaba da baya, wasu na Fostex ko milimita ɗaya ba su kai ba. Ka murɗa amfilifaya da fim mai fashe fashe, sai ka ji ƙauri.

To daga nan ne shaiɗanin ƙaho ya kama ni. Duk wanda ya shiga harkar nan sai ya ga hotunan akwatunan Japan, irin waɗanda marigayi Tetsuo Nagaoka ya zana, musamman mai dogon wuya kamar agwagwar ruwa da ya kira Swan. A ciki hanya ce ke lanƙwashewa tana faɗaɗa daga bayan sifika har ta fito da babban baki, tsawonta kan wuce mita 2 in aka miƙe ta. Na kwana uku ina kallo, na zana nawa, na kai wa Kawu, shi ne ya jefo min maganar gidan gara. Ya ƙirga gutsattsarin katakon ya ce sun haura ashirin a kowane ɗaya, ya ce "ɗana kai da kake hawa na uku ba asansir sai matakala, kuma duk shekara biyu sai ka nemi motar dabbab kun tashi, wa zai ɗaukar maka wannan? Ni zan yanka in ka biya, amma ranar tashi kada ka kira ni." Nace Kawu ai kyau gare shi. Yace ita ma raƙuma kyau gare ta amma ba a ɗaure ta a ɗaki.

Na dawo gida da haushi na saka lambobina a Hornresp, manhaja ce kyauta, sai ga shi ta goyi bayan Kawu ta wata fuskar. Ƙahon baya an yi shi ne don sifika mai ƙaramin Qts da ƙaton maganaɗisu irin su Fostex FE da Lowther ta Ingila, masu ƙarfi a sama da rama a ƙasa. Tawa mai 0.5 in ta shiga sai ta kumbura a wani wuri ta rame a wani. Kaga da na kashe allon katako biyu a kan abin da ba nata ba. Akwai wata magana da ake dangantawa da Hofmann na kamfanin KLH, cewa ƙaramin akwati da kauri mai zurfi da ƙara da ɗan ƙaramin amfilifaya, biyu kawai za ka samu a cikin ukun. Ƙaho ya zaɓi ya yar da ƙanƙanta ne, ni kuma ɗakina bai yarda ba.

Abin da ya warware min matsalar ba a intanet na gan shi ba, a zaune na gan shi. Mu fa a ƙasa muke zama, majalisin gidanmu katifu ne da matasai jikin bango, kunnena bai fi santimita 60 zuwa 70 daga tayil ba. Kuma ful-renj tana da wani hali, siririn sautinta miƙewa yake kamar hasken tocila, in ba ka saitin ta to ya wuce ta kanka. Zanukan Turawa kusan duk don mai zama a kujera aka yi su, har da dogon bututun nan mai tsukakken kai na Paul Voigt da ya yi rajistarsa a 1934, sifikar na can sama. Sai na koma kan lissafin bututun da kansa. Sauti na tafiyar kamar mita 343 a daƙiƙa, kuma bututun da aka toshe kansa ɗaya yana amsawa ne a sautin da zangonsa, ya'ani tsawon kaɗawarsa ɗaya, ya ninka tsawon bututun sau huɗu. Kenan santimita 90 zai amsa a wajen 95 Hz. In ka toshe ƙasan ma ka bar ɗan gajeren bututu kawai a kusa da ƙasa, nauyin iskar cikinsa zai janyo lambar ta sauko, ni na yi ta rage nawa da zarto kaɗan kaɗan da shinkafata har na tsaya wajen 60. Matsalar irin wannan akwatin shi ne yana kuma amsawa a ninki uku da ninki biyar, ya sa murya ta yi amon rijiya, maganin na ninki uku kuwa a dasa sifikar kashi ɗaya cikin uku daga saman da ke toshe. Kashi ɗaya cikin uku na 90 shi ne 30. Ka cire 30 daga 90, saura 60 daga ƙasa. Daidai kunnen mai zama a katifa! Wallahi da na ga haka sai da na yi dariya ni kaɗai cikin dare.

Ciki santimita 12 da 16, tsawo 90, kimanin lita 17, katako shida kowane ɗaya da ɗan tokare a tsakiya, allo guda mai 122 da 244 ya ishe su har da saura. Kawu ya so mu yi da katakon MDF mai milimita 18 don arha, ni na nace kan filawud saboda ruɗubar Jidda, ya'ani danshin iska, duk wanda ya ga yadda ƙasan kabad ke kumbura a gidan da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ke ɗiga ya san me nake nufi, ga shi kuma ya fi sauƙin ɗauka a matakala. Audugar filo na cusa sako sako daga sama zuwa ɗan ƙasan sifikar, na bar ƙasan fayau. Na farko na danna da yawa sai kaurin ya mutu, na zare kusan rabi ya dawo. Kada ka manne bayan da gam sai ka gama wannan wasan, ka ɗaure da sukuru tukuna.

Wani abu kuma, siririn akwati yana zubar da kauri ta gefe, ga mai faɗin santimita 16 zuwa 20 abin na farawa ne daga wajen 600 ko 700 Hz zuwa ƙasa, har ya kan kai 6 dB a ma'aunin ƙara. Wasu na gyarawa da kwayil da resisto. Ni matsar da su na yi jikin bango, tafin hannu ɗaya tsakani, dama can ba ni da wani wurin ajiye su.

Ba za su girgiza maka taga ba, kuma in mukayyif na ruri to rabin kaurin ya tafi, sai bayan isha da an kashe shi na ɗan lokaci kake jin ainihin su. Ranar Juma'ar da ta wuce Kawu ya hawo hawa ukun nan da sandarsa ya zauna a katifa, na saka masa karatu, ya yi shiru har aka kai ƙarshen sura. Sannan ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa gefen na hagu da yatsa, ya ce wannan gefen yana amsawa fiye da ɗan uwansa, in sauko masa da shi ranar Asabar ya ƙara tokare.