Ranar da injin ya ci mana katakon madaci

Makon jiya aka kawo mana aikin ƙofar gida, ƙofa mai ɓari biyu, mai gidan yana son dagin arewa a tsakiyar kowanne ɓari da zanen ganye a gefe. Wanda ya zana masa gidan shi ya turo mana zanen ta WhatsApp, fayil ɗin DXF daga AutoCAD, wai mu sa wa inji kawai. Toh wannan kalmar ta "kawai" ita nake so in yi magana a kai, don mutane da yawa har da wasu masu injin sun ɗauka CNC, wato injin yankan katako da kwamfuta ke tuƙawa, kamar firinta ne, ka danna ya fito.

Injin baya ganin zane ko kaɗan. Abinda yake karantawa rubutu ne layi bayan layi da ake kira G-code, G0 je can da gudu ba yanka, G1 yanki miƙaƙƙe, G2 lanƙwasa ta yadda hannun agogo ke juyawa, G3 lanƙwasa ta ɗaya ɓangaren, M3 kunna motar da ke juya bakin yanka. Tsakanin zane da wannan rubutun akwai manhajar CAM mai fitar da hanyar yanka daga zanen, mu Aspire muke amfani da ita, sannan akwai fos furosesa wanda shine tafinta, shi ke rubuta maganar da harshen da naka injin ke ji. Duk inda aka samu saɓani a hanyar nan katako ne ke biya.

Ina buɗe fayil ɗin naga ƙofar gaba ɗaya bata kai tsayin yatsana ba, milimita 84 a tsaye. Wannan na saba dashi, mutumin da inci ya yi zanen, ni kuma na shigo dashi a milimita, inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne, na ninka ta koma 2134, shikenan. Sai matsalar layuka, a ido dagin a rufe yake tsaf amma da na matso sosai sai ga ƴan giɓi a mahaɗar layuka, wasu ko rabin milimita basu kai ba, wasu layukan kuma an zana su sau biyu ɗaya kan ɗaya. Manhaja bata iya ƙwaƙule cikin abinda bai rufu ba don bata san ina ne ciki ina ne waje ba, layin da ya ninku kuma injin sau biyu zai bi shi. Na kira mai zanen nace ranka ya daɗe don Allah a wuce da OVERKILL ya share masu ninki, a haɗe sauran da JOIN, a sake turowa. Ya yi, babu gardama. Duk wannan bai ci awa biyu ba.

Abinda ya ƙona min rai daban ne. Mun ɗaure madacin da muka sayo a ƴan katako na Na'ibawa, mun sa bakin milimita 6, mun saita sifili, wato inda injin zai fara ƙirga, a kusurwar hagu ta ƙasa, Z kuma, wato hawa da saukar bakin, a saman katako. Ya fara lafiya lau, ya yanke firam ɗin da yake duk miƙaƙƙun layuka ne, yana isowa lanƙwasar dagi ta farko sai kawai ya ɗauki hanya ya tsaga tsakiyar ɓarin a karkace yana ci da zurfin milimita 4, ƙurar madaci ja tana tashi, kafin yaron shagon ya kai hannu kan jan maɓalli ya riga ya ja layi ya fi taƙi biyu. Shiru muka yi dukkanmu. Yaron yace min oga wallahi ban taɓa komai ba, nace na sani, kuma da gaske na sani don ina tsaye a wurin.

Da farko zargina ya tafi kan zanen tunda ya riga ya bani wahala da safe, na koma Aspire na sake kallon gwajin yanka, komai daidai, dagi ya fito kamar ka ɗauka. Na duba waya da bel ko injin ya tsallake taku, lafiyarsu ƙalau. Sai bayan la'asar na yi abinda ya kamata in fara dashi, na buɗe fayil ɗin G-code a Notepad na nemo layin da ya tsaya a kai. G2 ne, da I da J a ƙarshensa.

Ga yadda abin yake. In injin zai yi lanƙwasa dole a gaya masa inda tsakiyar da'irar take, I da J ke ɗauke da wannan. Amma hanya biyu ake karanta su. Ko dai a ƙirga daga inda bakin yake tsaye yanzu, ko a ƙirga daga sifilin aikin gaba ɗaya. Misali bakin yana X300 Y400 aka rubuta I2 J0, a karatun farko tsakiyar tana nan kusa, milimita 2 kacal, ƴar lanƙwasa ce ƙarama. A karatu na biyu kuwa tsakiyar ta koma can kusurwar katako, kaga da'irar da injin zai nema daga tsakiyarta zuwa bakinta ya kusa rabin mita. In Allah ya taimake ka sai Mach3, manhajar da ke tuƙa injinmu, ya tsaya yace nisan farkon lanƙwasa da na ƙarshenta basu zo ɗaya ba, masu GRBL kuma, wata manhajar tuƙa inji, sukan ga error 33. In lanƙwasar ƴar mitsitsiya ce har lissafin ya kusa dacewa, ba zai ce uffan ba, tafiya kawai zai yi, mu irin wannan ce ta same mu.

To me ya canza tunda shekara biyu muna yanka lanƙwasa ba matsala? Kwamfutar shagon ce ta mutu wancan watan aka sake zuba mata Windows, aka sake sa Mach3, aka saita motoci da hannu amma ba a dawo da tsohon fayil ɗin XML mai ɗauke da saitinmu ba, kuma tun lokacin allunan kabad kawai muke yankawa, duk miƙaƙƙu. Na shiga Config, General Config, na samu IJ Mode yana kan Absolute alhali tafintanmu da ɗaya hanyar yake rubutu. Na mayar dashi Inc, wato ƙirga daga inda bakin yake, na sake loda fayil, manyan da'irorin da suka cika ɗan tagar da ke nuna hanyar yanka suka ɓace. Eh suna nan tun farko a kan allo, sauri ne yasa babu wanda ya kalla, wannan ya dame ni fiye da kuɗin katakon.

Yanzu na gyara kan fayilolinmu, kowanne yana farawa da G21 don milimita, G90 don ƙirga X da Y daga sifili, G17 don lanƙwasa a shimfiɗe, sai G91.1 wanda ke gaya wa injin kai tsaye ya ƙirga I da J daga inda yake, ko da wani ya taɓa saiti. XML ɗin na kwafe shi a filas biyu, ɗaya a gida. Kuma kowane sabon aiki sai mun ɗaga Z sama mun bar shi ya yi yawonsa a iska tukuna, yaran suna ganin ɓata man janareta ne amma nace a yi.

Mai gidan na kira shi na faɗa masa gaskiya, ya ƙara mana kwana uku, muka koma Na'ibawa muka sayo wani daga aljihunmu. Jiya aka kafa ƙofar. Ɓarin da ya lalace na jingine shi bayan injin, ƙasansa bai taɓu ba, zamu fitar da ƙananan allunan karatu guda huɗu a ciki.