Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Murhun Inna Ya Yi Sanyi

A makon jiya na tsaya a rasuwar Baba. Bayan wata bakwai na je duba Inna ba tare da na sanar da ita ba. Na tarar da murhu a sanyaye, tukunya a kife. Na ce, "Inna, me kika ci yau?" Ta ce, "Na ci, 'yar nan, kwantar da hankalinki." Rigarta kuwa rataye take a jikinta kamar ta aro.

A asibiti aka ɗora ta a sikeli, daga kilo 52 ta koma 46. Likita ya ce tsoho in ya zubar da fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata shida, abin dubawa ne da gaggawa. Jirin da take ɓoye mini ma, maganin ciwon sukari ne da take sha ciki babu komai.

Likitan ne ya nuna mini shirin tallafin abinci na tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi. Takardun ba su ba ni wuya ba, shaidar shekaru ce da ta abin da ke shigo mata. Inna ce ta ba ni wuya. "Ni da na ciyar da mutum tara, yau a rubuta sunana a layin masu karɓa?" Kwana uku ina lallashi kafin ta dangwala yatsa, tana hawaye.

Kayan suka iso: hatsi, wake, mai, madarar gari. Na ɗauka an gama, ashe da sauran rina a kaba. Haƙoranta sun zube, hannunta na rawa, ba ta iya tsayuwar dafa wake. Madarar kuma jikoki take damawa, ta zauna tana kallonsu suna sha. Har yau ina ganin duk wanda zai tsara irin wannan tallafi ya fara tambaya, wa zai dafa? Tsoho na bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 1 a kan kowane kilo na jikinsa kullum, ga shi sha'awar abinci ta ragu, ƙishirwa ma ba ya ji sosai.

Sai na koma ina dafa mata da laushi, in zauna mu ci a kwano ɗaya. In ina nan takan cinye. Ranar da ban zo ba, na tarar ta aika da rabonta gidan wani dattijo makwabcinta. Labarinsa sai mako mai zuwa.