Rumbun fayiloli a cikin gida: yadda ake kafa NAS a Accra ba tare da wuta ta lalata shi ba

A yawancin gidajenmu na Nima, Mamobi, Fadama ko Sabon Zango, abubuwan da suka fi daraja a warwatse suke. Hotunan suna na wayar uwargida, bidiyon aure na wajen mai kyamara, karatun tafsirin azumi da aka naɗa yana cikin wata filasha da ba a san inda aka jefa ta ba, takardun fili kuma an ɗauke su hoto an tura ta WhatsApp, wanda ke matse hoto har rubutu ya dusashe. Ranar da waya ta ɓata ko ta faɗa ruwa, shi ke nan.

NAS akwati ne ƙarami mai ɗauke da faifan ajiya ɗaya ko fiye, ana haɗa shi da rautar gida ta kebul, ya zauna a kunne dare da rana. Duk waya da kwamfuta da talabijin da ke kan Wi-Fi ɗin gidan za su iya zuba fayil a cikinsa ko su ɗauka. Zirga-zirgar da ke tsakanin wayarka da akwatin a cikin gida ba ta cin ko ɗigon data, domin ba ta fita intanet. Ko bandil ya ƙare, muddin rauta na kunne, yara za su kalli bidiyonsu.

Sai dai mafi yawan bayanin da ake samu kan NAS an rubuta shi ne don ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa. Mu da muka ga dumsor na 2015, wato matsanancin ɗauke wuta da aka yi fama da shi a Ghana, kuma har yau ana ɗauke wuta ba sallama, tsarin kashe kuɗinmu dabam ne. A ganina UPS ne farko, wato na'ura mai batir da ke ci gaba da ba da wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, faifai na biyu, akwatin kansa na uku. Wanda ya juya wannan jeri zai yi asara.

Dalili kuwa shi ne, NAS ba ya rubuta komai a faifai nan take. Yana riƙe wani sashe a ƙwaƙwalwarsa ta wucin gadi na ɗan lokaci kafin ya sauke. Idan wuta ta yanke a daidai wannan lokacin, abin da ke ƙwaƙwalwa ya tafi, kuma idan faifai biyu ne, mai yiwuwa ɗaya ya karɓi rubutun ɗayan bai karɓa ba. Da wuta ta dawo, na'urar za ta shiga gwada faifan biyu da juna, aikin da ke cin sa'o'i. In aka sake ɗaukewa ana tsakiyar wannan aiki, matsala ta ninka. Dawowar wutar ma wani haɗari ne, don sau da yawa takan dawo da ƙarfi fiye da volt 230 da aka saba, ko ta yi ta zuwa tana komawa kafin ta tsaya.

UPS mai ƙarfin 650VA zuwa 1000VA ya wadatar. NAS mai ramin faifai biyu yana jan wat 15 zuwa 25 ne kawai, wato idan aka ɗauki wat 20, wajen yunit 14 da ɗoriya a wata a mitarka ta kamfanin wuta na ECG. Amma akwai abin da ya fi girman UPS ɗin muhimmanci: dole ya kasance yana da ƙofar USB ta sadarwa a bayansa. Yawancin masu araha da ake sayarwa ba su da ita, kuma ba tare da ita ba UPS ɗin jinkirta mutuwa kawai zai yi. Batir ya ƙare da ƙarfe uku na dare, NAS ya mutu kwatsam kamar babu UPS ɗin. Da kebul na USB kuwa, UPS zai sanar da NAS cewa an koma kan batir, shi kuma ya rufe fayilolinsa ya tsayar da faifai cikin natsuwa. A na'urorin Synology da QNAP akwai shafin UPS a cikin saituna. A TrueNAS da OpenMediaVault manhajar NUT ce ke wannan aiki. Ka sa ya rufe bayan minti biyar da ɗauke wuta, kada ka bar shi sai batir ya kusa ƙarewa, domin zuƙe batir har ƙasa kullum shi ke kashe shi da wuri. Ka kuma kunna zaɓin da ke sa na'urar ta tashi da kanta idan wuta ta dawo. Kafin ka saya, duba jerin UPS ɗin da kamfanin NAS ɗinka ya ce suna jituwa da shi.

Batirin da ke ciki yawanci mai volt 12 ne, 7Ah ko 9Ah, kuma zafi maƙiyinsa ne. A yanayin Accra, ka sa ran canza shi duk shekara biyu. Sau ɗaya a wata biyu ko uku, zare filogin UPS daga bango da gangan ka tsaya ka ga ko NAS ya rufe kansa yadda ka tsara. Rauta ma ka jona ta a UPS ɗin. Sannan a sa mai aikin lantarki ya duba ko soket ɗin yana da wayar ƙasa ta gaske. A tsofaffin gidajen haya na zango ana samun soket mai rami uku wanda ramin na ukun ba ya haɗe da komai, kuma kariya daga tsawa da hauhawar wuta tana dogara sosai da wannan wayar.

Yanzu faifai. Ka nemi waɗanda aka yi don aikin dare da rana: WD Red Plus, Seagate IronWolf ko Toshiba N300. Ka lura da kalmar Plus ɗin nan. A 2020 aka gano cewa wasu WD Red masu girman TB 2 zuwa 6 suna amfani da salon rubutu da ake kira SMR, inda layukan bayanai ke hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi. Karatu lafiya lau, amma in ana rubutu mai yawa ba tsayawa, sai faifan ya yi ta jan ƙafa, har NAS ya ɗauka ya mutu ya fitar da shi. Salon CMR kake so, kuma ana rubuta shi a takardar bayanin faifan.

Wanda zai sayi faifai a Circle ko Tip Toe Lane ya tafi da ido biyu. Akwai faifan da suka yi shekaru suna aiki a ƙasashen waje aka goge aka sa musu sabuwar leda. Kowane faifai yana ajiye tarihin lafiyarsa, ana kiransa SMART, kuma manhaja kyauta irin CrystalDiskInfo tana nuna shi. Lamba ta 9 ita ce sa'o'in da ya yi a kunne; shekara ɗaya sa'a 8,760 ce, sai ka yi lissafi. Lamba ta 5 da ta 197 da ta 198 suna ƙirga wuraren da suka lalace ko suke shirin lalacewa, kuma a sabon faifai sifili ya kamata su nuna. Tun da ana iya goge wannan tarihi, ka ƙara da shigar da lambar jikin faifan a shafin garanti na kamfanin da ya ƙera shi. In mai shago ya hana ka gwadawa, ka tafi wani shagon.

Ga gida ɗaya, akwati mai rami biyu da faifai biyu masu TB 4 ya isa farawa. Za a haɗa su a tsarin RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya ana rubuta shi a ɗayan. Wurin ajiya TB 4 ne ke nan ba 8 ba, kuma na'urar za ta nuna maka wajen 3.6, saboda kamfanin faifai da kwamfuta ba hanya ɗaya suke ƙirga ba. Ba cuta aka yi maka ba. Idan girmansu ya bambanta, ƙaramin ne ke yanke hukunci. Mai ɗaukar bidiyon biki da ke tara fayiloli masu nauyi ya fi dacewa da rami huɗu a RAID 5, inda faifai huɗu masu TB 4 ke ba da TB 12, kuma ɗaya na iya mutuwa ba a rasa komai ba.

Akwatin kansa ba shi da dogon zance. Na kanti irin Synology DS224+ ya fi sauƙin sarrafawa. Mai ƙaramin ƙarfi kuma zai iya ɗaukar tsohuwar kwamfutar ofis ya sa mata OpenMediaVault ko TrueNAS, duk kyauta ne, sai dai ta fi shan wuta, kuma TrueNAS yana son ƙwaƙwalwa GB 8 aƙalla.

Inda za a ajiye shi yana da muhimmanci. Kada a ƙasa: lokacin hunturu fankarsa za ta zuƙi ƙura, lokacin damina kuwa duk mazaunin kusa da kogin Odaw ko babban kwatamin Nima ya san yadda ruwa ke shiga ɗaki. Kada a cikin kabad a rufe, kada kusa da kicin. Kanta mai tsayi da iska ke ratsawa ta fi. Ka riƙa duba zafin faifai. In yana wuce digiri 45 a kai a kai, sauya masa wuri. Bayan hunturu, kashe shi ka hure ƙurar.

Haɗi kuma da kebul ne, Cat5e ko Cat6, kai tsaye zuwa rauta. A ƙofar gigabit za ka samu wajen MB 110 a daƙiƙa, wato TB ɗaya cikin kamar sa'a biyu da rabi. In ka ga kwafi ya maƙale a MB 11 ko 12, haɗin ya faɗo zuwa megabit 100, kuma TB ɗin nan zai ci fiye da yini guda. Abu biyu ke jawo haka. Ko dai rautar da kamfanin intanet ya bayar ƙofofinta na megabit 100 ne, sai ka sayi ƙaramin suwic na gigabit mai ƙofa biyar ka jona NAS da kwamfuta a kansa. Ko kuma kebul ne: gigabit yana buƙatar duka wayoyi takwas ɗin da ke ciki, in ɗaya bai kama ba wajen matse kai, gudun ya faɗi. Kwafin farko mai yawa a yi shi ta kebul, Wi-Fi na hotunan yau da kullum ne.

Da ka kunna, je shafin rauta ka keɓe wa NAS adireshin IP guda, wato lambar da sauran na'urori ke gane shi da ita, a sashen DHCP, in ba haka ba duk ɗauke wuta na iya sauya masa adireshi, talabijin da kwamfuta su neme shi su rasa. Wajen tsara faifai, zaɓi Btrfs ko ZFS idan akwai, domin suna iya gano fayil ɗin da ya ruɓe a ɓoye, kuma suna ɗaukar hoton halin da folda ke ciki kowace rana, ta yadda in yaro ya goge hotunan Sallah za a dawo da na jiya. Ka sa binciken faifai na wata-wata ya riƙa gudana da kansa. Buɗe wa kowa asusunsa da kalmar sirrinsa: foldar iyali kowa ya gani, ta takardun fili da na kasuwanci mutum biyu kawai, yara kuma izinin kallo ba na gogewa ba. Rufe asusun admin da na'urar ta zo da shi bayan ka buɗe wani da sabon suna. Rabon fayil ta SMB ake yi. Kashe tsohon nau'insa na 1, ba shi da tsaro. Sannan ka sa ta riƙa aiko maka da imel in faifai ya fara ciwo, don akwai masu RAID 1 da ke yin watanni a kan faifai ɗaya ba su sani ba, sai ranar da na biyun ya bi sahu.

Mutane da yawa suna son ɗan'uwa da ke Kumasi ko Jamus ya iya shiga. Kada ka buɗe ƙofa a rauta don haka, kuma ka kashe UPnP, wanda ke buɗe ƙofofi da kansa. A Janairun 2022 manhajar garkuwa da fayiloli mai suna DeadBolt ta kulle dubban na'urorin QNAP da ke fuskantar intanet kai tsaye, ana neman kuɗin fansa; a Yunin 2021 kuma an shafe bayanan masu WD My Book Live daga nesa. Galibin layukan intanet na SIM ma ba sa ba ka adireshin kanka, ana raba ɗaya ne tsakanin mutane da yawa. In adireshin waje na rautarka ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, haka abin yake, buɗe ƙofa ba zai yi aiki ba. Hanya mai tsabta ita ce Tailscale, wadda aka gina kan WireGuard: ka sa ta a NAS da wayar wanda ka amince da shi, su haɗu ta ɓoyayyar hanya ba tare da an buɗe komai ba. Ka tuna wannan zirga-zirgar tana cin data ta ɓangare biyu, don haka manhajar kwashe hotunan waya, Synology Photos ce ko Immich, a saita ta ta yi aiki a kan Wi-Fi kawai.

Saura abin da aka fi yin sakaci da shi. RAID yana kare ka ne daga mutuwar faifai ɗaya, iyakarsa ke nan. Ɓarawo akwatin gaba ɗaya zai ɗauka. Gobara, ambaliya da tsawa faifai biyun za su ci tare. Fayil ɗin da aka goge kuwa a duka biyun yake gogewa a lokaci guda. Saboda haka ake bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wajen gida. A aikace, ka sayi faifan USB biyu masu girman abin da ka tara. Jona ɗaya, bari manhajar kwafi ta na'urar ta zuba komai a kulle da kalmar sirri, ka cire shi ka kai gidan yaya ko ƙanwa a Madina ko Ashaiman, ka karɓo ɗayan. Duk wata a yi musaya. Kada a bar faifan kwafi a jone kullum, don abin da ya sami NAS zai same shi. Kalmar sirrin kwafin a rubuta ta a takarda a ajiye inda mutum na biyu a gidan ya sani, domin in ta ɓata babu mai iya buɗe shi, har kamfanin da ya ƙera na'urar.

Kafin faifan ya bar gida a karon farko, jona shi a wata kwamfuta dabam, ka dawo da folda ɗaya daga cikinsa, ka buɗe hotuna goma da bidiyo ɗaya ka kalla har ƙarshe. In sun buɗe, sa shi a jaka mai laushi ka rubuta kwanan wata a jiki.