Buhu huɗu na abincin kare daga Jos zuwa Maraɗi

Wallahi da na san irin dariyar da za a yi min a tashar Bauchi Road da na nannaɗe buhunan nan a cikin tabarma tun daga gida. Buhu huɗu ne, kowanne kilo 15, ga hoton wani ƙaton kare ya zaro harshe a jiki, ɗan kamasho yana ɗagawa ya tsaya ya kalle ni ya ce Alhaji ina za a kai wannan, na ce Maraɗi, ya ce Maraɗin Nijar? Sai ya kira abokan aikinsa su zo su ga ikon Allah, wai mu a Filato karnuka ake kawo mana daga arewa a kai kasuwar Dawaki ta Kanke a sayar wa masu ci, yau ga wani zai kai musu abinci har gida.

Toh abin da ya faru shi ne ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, tsohon malamin dabbobi ne a can, ya yi ritaya amma ya kasa zama. A bayan gidansa ya kewaye wani fili yana tara karnukan da mota ta buge ko yara suka jefa suka karya, ya yi musu magani ya yi musu allurar haukan kare, wanda ya warke ya ba wa masu lambu ko makiyaya. Na ɗora hotunan a status ɗina na WhatsApp kawai don nishaɗi, sai wani maƙwabcinmu Kirista da ke kiwon karnuka ya gani ya tara abokansa suka sayi abincin, suka ce tunda kai ke zuwa ganin dangi kai za ka kai. Na so in zame, kunya ta hana.

Mun tashi bayan asuba cikin sanyin Jos, muka bi ta Saminaka muka ratsa dajin Falgore, kowa ya yi tsit har muka fita Tudun Wada. Kano na sauka na ɗauki adaidaita zuwa tashar Kofar Ruwa, mai adaidaitan ma sai da ya ƙara kuɗi wai kayan kare ne. A Katsina na kwana wajen wani abokin karatu.

Hanyar Katsina zuwa Jibiya ba wani nisa gare ta ba amma shingayen bincike sai ka rantse ana haifarsu ne, ka tashi daga wannan kafin direba ya sa giya ta uku ga wani. Ta gefe kuma kana hango aikin layin dogon nan na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021. A wani shingen wani mai kaki ya ce a sauke buhu ɗaya, kuma ban ga laifinsa ba, tun lokacin da aka fara tare motocin hatsi masu fita waje duk buhun da ya nufi boda abin zargi ne. Ya sa wuƙa ya ɗan farka bakin, ya ɗebo a tafin hannu, ƙananan dunƙule launin ƙasa masu ƙarnin kifi, ya shinshina ya yamutsa fuska ya ce mu tafi. Matsalar ita ce buhun ya zauna a buɗe a but, kuma yaron motar a can baya yake. Muna isa Magama na ga bakinsa yana motsi. Na ce kai me kake ci, ya ce Alhaji ƙuli-ƙulin nan naku ba gishiri sosai amma yana da daɗi. Da direba ya faɗa masa ko mene ne sai ya tsaya ya yi shiru, can ya ce toh ai ba naman kare ba ne ko? Na ce a'a, ya ce shikenan, ya ƙarasa na hannunsa.

Bodar nan ta sha rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris ɗin 2024 aka buɗe, kuma har yanzu mutanen wajen da zancen a bakinsu, ɗan canjin da ya ba ni sefa ma sai da ya ba ni labarin watannin da suka zauna ba kare bin damo. A Ɗan Isa jandarma ya duba takarduna, ɗan duwan, wato kwastan ɗinsu, ya karanta Faransancin da ke jikin buhu ya yi murmushi kawai.

La'asar sakaliya na isa. Kawu ya fito da tsohuwar rigar aikinsa ya ce ɗana ka taho lahiya, mi an ka aiko muna? Kafin in sha ruwa ya ja ni baya. Karnuka 19 na ƙirga. Akwai wata doguwa siririya irin ta Buzaye, ƙafafu kamar na barewa, haƙarƙarinta duk a waje, ƙafar baya ɗaya an ɗaure ta da tsinken kara da tsumma. Ita ba ta yi haushi ba, ido kawai ta zuba min. Kawu ya zuba mata abincin a murfin tukunya ta shinshina ta kau da kai, abin ya ba ni haushi wallahi, duk wahalar nan. Ya yi dariya ya ce wagga ba ta san abincin Nasara ba, tuwon gero da nono ta sani. Ya jiƙa shi da ruwan ɗumi ya zuba ragowar miyar kuka, sai ga ta tana ci har da lashe murfi.

Da dare muna shan shayi na faɗa masa abin da ke raina, na ce Kawu mutane fa suna magana, ana yunwa a gari kai kana ciyar da kare, ga zancen najasa. Ya ce najasa ai wanki gare ta, kuma wanda ya cire takalminsa ya ɗebo ruwa a rijiya ya shayar da kare an gafarta mai, wannan ko ɗan islamiyya ya sani. Sai ya sauke murya ya ce shi abin da ya sa shi wannan aikin wani yaro ne da ya gani shekarun baya, kare ya cije shi a ƙauye an shafa masa magani an bar shi, bayan 'yan makonni aka kawo shi yana ganin ruwa yana firgita, kuma ciwon haukan kare in alamunsa sun fito an gama, ba likitan da zai iya. Ya ce da an wanke ciwon da sabulu da ruwa minti 15 an garzaya da shi an yi allura da yana nan. Duk karen da ya ɗauko daga bola ya yi wa rigakafi, a lissafinsa ya rage wa unguwa cizo ɗaya ke nan. Har ya ce in na koma in bincika masa farashin rigakafin da ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, tunda a ƙofar gidanmu take, ni kuwa kunya ta kama ni don shekara nawa ina wuce hanyar ban taɓa leƙawa ba.

Kwana biyu na yi. Ranar da zan taho matar kawu ta riga ta juye buhu ɗaya a cikin duro, ta wanke buhun tas ta shanya a igiya, wai ledarsa mai kauri ce za ta zuba gero. Ta dai juya shi ciki ya koma waje, ta ce ba za ta ajiye hoton kare a ɗakin girkinta ba.