Mangwaron aure ya yi fure, layin gabas ya ƙi

Alhamdu lillahi, 'yan'uwa masu lambu, hunturun bana ya biya ni. Mangwaron da na aura da rassan tsohuwar bishiyar gidanmu ya fitar da fure tun bai kai mini ƙirji ba. Na tsinke furen kada 'ya'ya su karya shi, amma ranar bakina har kunne.

Layin mangwaron da na aura ta gabas ne ya hana ni sakat. Gindi iri ɗaya, ruwa da taki tare, auren ya kama tsaf, amma sai ganye yake tulowa, jajaye jawur, ko ɗigon fure babu. Na rage ban ruwa tun shigowar sanyi, na janye yuriya, shiru. Rassansa saye na yi wajen wani mai dashe, naira dubu goma sha biyar, kuɗin da har yau ke mini ciwo. Da na koma na matsa, yaronsa ya nuna mini inda aka yanko su: jikin 'yan bishiyoyin ƙwallo da ba su taɓa haihuwa ba.

Reshe da shekarunsa yake zuwa. A jikin tsiro akwai wani guntun RNA (sinadari mai ɗaukar saƙon gado a cikin ƙwayar halitta) mai suna miR156. Yana da yawa a sabon tsiro, kuma aikinsa danne ƙwayoyin gado da ake kira SPL, masu kai shuka ga balaga. Yayin da shuka ke girma sai ya riƙa raguwa, SPL su samu sarari su tayar da wani guntun RNA mai suna miR172, shi kuma ya kawar da masu tare hanyar fure. Scott Poethig na Jami'ar Pennsylvania a Amurka da abokan aikinsa sun nuna haka a ƙaramin tsiron Arabidopsis, a 2011 kuma suka gan shi a manyan itatuwa, har da dangin bishiyar turare. A 2013 aka gano sukarin da ganye ke haɗawa yana cikin abin da ke rage miR156, shi ya sa ban yarda da masu ce mini in aske ganyen layin ba.

Ba zan tuge su ba, gindin lafiyayye ne. Zan sare su a gwiwa in sake aure da rassan can saman tsohuwar, gefen da rana ke duka, masu kaurin fensir da ido a kumbure. Wanda ya taɓa sake aure a kan aure, a ƙasan tsohon tabon ya yanka ko a samansa?